Diddigen Mai Jaki a Kan Babur

Shekara biyu bayan ruwan madatsar Tiga ya tashe mu muka dawo gefen Dangora, jikana Mudi ya sayar da jakunansa uku, ya haɗa da ɗan abin da kamun kifi ya ba shi, ya sayo babur. Ja, sabo fil, ko ledar sirdi bai cire ba. Kwana tara yana hawa, kwana tara ba kazar da ta iya zama kan ƙwai a unguwarmu.

Ni ƙosai nake toyawa a gindin marke, daf da rumfar Audu bakanike. Duk wanda ya yi sabon babur nan yake zuwa ɗaukar karatu, kuma karatun bai taɓa canzawa ba. Ban san ko alif ba, amma kunnena ba a toshe yake ba. Audu kan ce, "Injin ne zai faɗa maka. In muryarsa ta yi sama ta sirance, ƙarin giya yake nema. Sassauta totur, kama kulochi, taka gaba da yatsu, ka saki a hankali. In ka ji yana tari yana fizga, ta yi masa yawa, taka baya da diddige ka rage." Na ji wannan ya fi sau ɗari.

Mudi bai zo ba. Mutumin da ya shekara goma sha biyar bisa jaki, wa ya isa ya koya masa hawa?

Ran Talata da hantsi wani ya zo a keke daga Ba'awa, ya ce Safiya jikar ƙanwata tana kan gwiwa tun jiya da la'asar, abin ya ƙi saukowa, ni ake nema. Hannuna ya karɓi haihuwa tun kafin a haifi uban Mudi. Na sauke kasko, na aika aka kira shi.

"Amarya, yau za ki ga abin da ake kira gudu," in ji shi.

"Angona, ni isa nake so. Gudun ka ajiye wa 'yan mata."

Na hau baya a karkace, ƙafafuna duka ta hagu, ƙullin kayana a cinya. Allah ya sa haka na zauna, don ƙafarsa ta giya tana ƙarƙashin idona.

Muka tashi da tsalle uku kamar ɗan akuya. Ya taka gaba, ya sake takawa, babur ya fara tafiya ta mutunci. Ashe sauri yake so. Sai na ga ya ɗaga ƙafa ya zabga wa ƙarfen diddige, yadda yake yi wa jaki a haƙarƙari. Babur ya yi tirjiya, haɓata ta daki bayansa, injin ya ƙwala ihu. Shi kuma ya murɗe totur har ƙarshe, yana murmushi.

"Kin ji ƙarfi?"

"Na ji. Wancan mai keken da ya wuce mu shi ma ya ji."

Mai keken nan shi ne ɗan aiken, yana komawa gida a natse. Ya ɗaga mana hannu.

Haka muka yi ta yi. In ihun ya ishe shi ya taka gaba, in babur ya fara tafiya ya ga bai isa ba, ya kai diddige. Har tsawa yake masa ƙasa-ƙasa irin ta masu jaki. Mutane a gonaki suka ɗago suna neman jirgin sama, suka ga wata tsohuwa tana wucewa a hankali.

Muna haura rafi babur ya yi shiru. Wari ya taso kamar an bar tukunya a wuta ba ruwa. Mudi ya sauka ya zagaya shi sau biyu, ya ce baki ne, tun ran da ya saye shi ake sa masa ido. Ya ɗauki butata zai kwara wa injin ruwa.

"Ajiye min buta. Ka taɓa ganin an zuba wa kasko mai zafi ruwan sanyi ya kwana lafiya?"

"Iya, wannan aikin maza ne."

"Na gani. Can Ba'awa kuma yarinya na aikin mata tun jiya, ita ba wanda ya ce ta tsaya ta huce."

Ya ajiye butar. Muka zauna gindin ɗorawa, ina duban inuwa tana tsukewa. Na tuna Safiya ƙarama ce, haihuwar fari ce kuma, ban ga abin dariya a nan ba. Na ce masa, "Mudi, jakin nan naka ba a zungurarsa. Duk diddigen da ka kai masa baya kake mai da shi." Na karanta masa karatun Audu tun daga kai.

"Ke a ina kika san wannan?"

"A jami'ar gindin marke. Yanzu ka ji. Kunne nawa ne, ƙafa taka. In na mintsine ka, yatsu. In na dake ka, diddige. Ka kai diddige ban dake ka ba, zan faɗa a kasuwar Dangora cewa keke ya wuce ka."

Da injin ya huce ya tashi a bugu na huɗu. Na kasa kunne. Murya ta sirance, na mintsina. Ta sake sirancewa, na mintsina da kyau, don wannan har da na haɓata. Sau uku, sai babur ya koma gurnani a hankali, bishiyoyi suka fara wucewa. A hawa ya soma tari, na ɗaka masa duka, ya rage, muka haye. Sau ɗaya ƙafar ta ɗago da kanta, na ce, "Kasuwa," ta koma.

Muka wuce mai keke a bakin gari. Ban ɗaga masa hannu ba, duka biyun suna aiki.

Na tarar da Safiya ta galabaita, ko kuka ba ta iyawa, ƙanwata na riƙe da kanta. Na wanke hannu na durƙusa. Abin da aka yi a ɗakin nan ba na baki ba ne. Ana kiran azahar yarinya ta faɗo, mace, da muryarta, uwar kuma ta buɗe ido ta nemi ruwa.

Na fito tsakar gida ina wanke hannu, sai na jiyo muryar Mudi ta bayan danga, maza sun kewaye babur.

"Abin duk a kunne yake," yake ce musu. "Sabon shiga ne ke ta murɗa totur. Ni injin nake sauraro."

Wani ya tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce shi dai baiwa ce.