Tsumman Goggo Vilma

Ciwon bayan Lorinc ciwo ne mai ladabi. Ba ya zuwa ranar biki, ba ya zuwa ranar kasuwa. Sai ciyawa ta isa yanka a kan tudu, maza sun fara wasa dogayen laujensu, sannan ya yi sallama. Bana ma bai saɓa alkawari ba.

Matarsa Piroska ta yanka abin da za ta iya ita kaɗai. Saura fiye da rabi, shanunsu kuma ba uzuri za su ci ba idan ƙanƙara ta rufe gari. Ran Lahadi, ana tashi daga coci, ta ɗaura wa doki keke.

"Tashi, maigida. Ruwan tsami za mu."

"So kike ki kashe ni a hanya?"

"In ka mutu ai ka huta da yankan ciyawa. Hau."

Tafkin ruwan tsamin yana can ƙasan kwari, kewaye da katakon da ƙauye ya kafa da aikin gayya. Ranar gayyar ma bayan Lorinc ya tashi. Ruwan ja-ja ne, yana ɓulɓula kamar tukunya a kan wuta, amma sanyinsa har cikin haƙori. A gefe ga wata bishiya da rassanta suka cika da tsummoki. In mutum ya yi wanka sai ya yagi bakin rigarsa ya ɗaure, ciwon ya zauna a nan. Wanda ya kwance na wani, ya kwashi ciwon mai shi ya kai gida.

Tsofaffi na zaune a benci suna kurɓar ruwan a kofi.

"Ku matsa wa majinyacin shekara-shekara," in ji Kawu Benedek, maƙwabcinsu. "Lorinc, bana ciwon ya makara ko? Har na fara damuwa."

Lorinc ya riga ya shirya abinsa: ya tsoma yatsa, ya yi nishi, ya fito ya ce ruwan ya ƙara masa. Ya tuɓe riga, ya sunkuya a bakin matakala kamar tsohon da ya ga jikan jikansa.

Piroska ta taimaka masa da tafin hannu ɗaya, sai ga shi tsundum a cikin ruwa.

Sanyin ya dake shi a ƙirji, kumfa ta shiga masa hanci. Kafin ya tuna shi mara lafiya ne, ya dire katakon da tsalle guda, ya zura da gudu har gindin keke neman bargo. Baya a miƙe kamar sanda.

"Ikon Allah!" Kawu Benedek ya tafa hannu. "Ni na tsufa a ruwan nan, ko kwata ban iya tsallakewa ba."

Piroska ta yagi bakin rigarsa, ta miƙa masa. "Ɗaura, maigida. Kowa shaida ne."

Ya ɗaura. Yana ɗaurawa yana kallon rassan. Ciwo iri-iri a rataye, kyauta, ba mai gadi. Yatsunsa suka sauka kan wani shuɗin tsumma, suka yi abin da suka yi.

"Wayyo! Na kwance na wani!" Ya ɗaga shi sama don kowa ya gani, ya dafe gwiwa. "Har na fara ji."

"Shuɗin nan nawa ne," in ji Goggo Vilma, tsohuwar da ke ƙarshen benci. "Daga ɗankwalina na yage shi."

"Sannu, Goggo. Gwiwa ce ko? Ashe haka kike fama."

"Gwiwata ƙalau, ɗan nan. Rashin barci ne. Tun kafin zakara ya yi cara idona ya bushe. In ban sami aikin yi ba, ji nake kamar zan haukace."

Benci ya fashe da dariya.

"Madalla," in ji Piroska. "Ciyawa da raɓa ta fi yankuwa." Ta karɓi tsumman, ta cusa masa a aljihu, ta daddanna don kada ya faɗi a hanya.

Washegari, in ji mutane, Goggo Vilma ba ta farka ba sai da rana ta take. Lorinc kuwa hantsi a kan tudu ya same shi, Piroska na biye da shi da manjagara.

Da yamma bayansa ya yi ciwo da gaske. Ba shi da wanda zai gaya wa. Kowa ya ga inda ya ɗaure shi.