Daron Ruwa a Bayan A-kori-kura

Fuseni na kwance a ƙarƙashin tsohuwar a-kori-kurar, ƙafafunsa kaɗai ke waje, sa'ad da muryar Baba Jobo ta iso shi daga bakin ƙofa.

"Kai yaro, bi ta a hankali. Uwargidan mutane ce kake taɓawa."

Muryar ta disashe, amma tsiyar tana nan yadda aka san ta. Fuseni ya amsa daga ƙasa cewa in uwargida ce, to maigidan ya daɗe bai sauke haƙƙinta ba, don ko ɗigon giris babu a jikinta. Tsohon ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi, sai matarsa Inna Bariyetu ta fito ta gyara masa matashin da aka tokare masa baya da shi.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a unguwar Didawure ta garin Sokode, tun Fuseni yana koyon kanikanci har ya buɗe garejinsa ya fara furfura. Baba Jobo kuwa a kan hanyar Sokode zuwa ƙauyensu Agulu ya tsufa, yana jigilar doya da gawayi da duk abin da ya yarda a ɗaure shi da igiya. Tun farkon damina ciwo ya shiga ƙashin bayansa. Da asibiti suka sallamo shi da maganin rage zogi kawai, kowa ya gane, shi ma ya gane, bai kuma tayar da hankalin kowa ba. Abu ɗaya ya roƙa: a kai shi Agulu da ransa, a cikin motarsa, ya ga gidan da aka haife shi, in lokaci ya yi a kwantar da shi kusa da mahaifiyarsa.

Matsalar ita ce zama ya gagare shi, dole a baya za a shimfiɗa masa katifa. Hanyar Agulu kuma duwatsu ne da ramukan da ruwa ya ci. Mutumin da ko a tabarma aka juya shi sai ya cije leɓe, in motar ta yi ta wurgi da shi, ba zai kai rabin hanya ba.

Shi ya sa Fuseni ya rufe gareji tun da safe ya kwaso kayan aikinsa. Ya danna bayan motar da duk nauyinsa ya saki, ya kasa kunne. Wani ƙwas ya fito daga hagu. Ya ɗaga ta a jak, ya zura ƙarfe a idon sifirin ya banƙara, sai ya ga robar wurin ta cinye, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Shokazobar dama kuma ta tsiyaye, man ya kama ƙura ya yi baƙi ƙirin. Ya canza robar, ya canza shokazoba duka biyun, ya ɗaure komai tamau, ya fito yana goge hannu cike da jin kansa.

Akwai wani gwaji da Fuseni ya gada wurin maigidan da ya koya masa aiki. A cika daro da ruwa, a ajiye a bayan mota, a bi hanya mai gargada. Abin da ruwan ya ji, shi fasinja zai ji. Inna Bariyetu ta ce ita za ta zauna da daron, tunda ita ce za ta zauna da maigidan. Suka bi layin bayan masallaci, wanda ko akuya sai ta zaɓi inda za ta taka, suka zago suka dawo. Inna ta sauko zane ya manne mata, ruwa na ɗiga daga ɗankwalinta, daron kuwa ko na wanke cokali bai rage ba.

"Bariyetu," in ji Baba Jobo, "wanka kika je yi ba ki gaya mini ba?"

Ta ce masa wannan ba mota ba ce, jaki ne da aka sa wa barkono. Fuseni bai yi dariya ba. Abin ya yi masa ciwo, domin ƙarar ta ɗauke sarai, amma motar tsalle take kamar babu sifirin a jikinta. Ya sake shiga ƙasa, ya bi fallayen ƙarfen sifirin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana kankare laka. Nan ya ga abin da ya wuce shi da safe. Fallayen sun fi yadda aka ƙera motar yawa, kuma na tsakiya sun fi sauran kauri, da gani na babbar mota ne aka yanko.

"Baba, wa ya ƙara mata ƙarfe?"

"Wa kuwa? Ni mana. Da me kake tsammani take ɗauko doyar Agulu, da addu'a?"

Haka direbobin hanyar nan duk suke yi, Fuseni ya sani, mantawa ya yi don bai taɓa ganin motar nan ba kaya ba. In an danne ta da lodi, fallayen su lanƙwasa su yi laushi. In babu komai, sun zama katako. Baba Jobo kuwa yanzu bai fi nauyin damin kara ba.

Gyaran a fili yake: a kwance sifirin, a zare fallayen da aka ƙara. Amma ƙusar tsakiya ta yi tsatsa ta haɗe, kuma in kaurin ya ragu, maɗaurin da ke rungume da shi zai yi tsawo, sai an nemo gajere ko maƙeri ya ƙera. Fuseni ya ce in Allah ya yarda jibi za su tashi. Tsohon ya gyaɗa kai kawai. Inna Bariyetu ta ja shi gefen rijiya tana matse zanenta, ta gaya masa tun jiya koko ma kurɓa biyu maigidan ya yi ya ture.

"Ba shi da jibi, Fuseni. Ni nake kwana da shi."

Ya je ya zauna a bakin bayan motar, sifana a hannu, zuciyarsa a jagule. Yana nan zaune sai ga Adiza mai soya doya a bakin titi ta shigo duba jiki. Adiza mace ce da Allah ya yi wa jiki ba ƙyashi. Ta gaishe da tsohon, ta nemi wurin zama ba ta samu ba, ta ɗare kusa da Fuseni. Motar ta yi ƙasa a hankali, ta tsaya, ba ƙara ba girgiza. Fuseni ya dube ta, ya leƙa ƙarƙashi.

"Yaya Adiza, don Allah tashi. Yauwa. To, sake zama."

Ta tambaye shi ko sikeli ya mayar da ita, ta ce bari mijinta ya dawo. Amma da ya yi mata bayani, ita da kanta ta leƙa gidaje ta kirawo mata masu daka sakwara, suka hau da taɓarensu ma don ƙarin nauyi. Aka sake cika daro. Suka bi layin bayan masallaci suna ta shewa, maza a bakin shaguna suna tambayar bikin wa ake yi. Da suka dawo, ruwan na nan, ɗan abin da ya fantsama bai jiƙa tafin hannu ba.

Aka kai wa Baba Jobo daron har gabansa. Ya daɗe yana kallon ruwan.

"Dama ban taɓa shiga Agulu hannu rabbana ba," ya ce. "Ashe ita ma kunya take ji."

Ba wanda ya bi gida-gida yana roƙo. Kafin la'asar maganar ta zaga unguwa cewa motar Baba Jobo lodi take so, kaya suka fara shigowa da kansu. Mai shago ya kawo buhun gishiri, liman ya aiko da masara, wata ta kawo shinkafa, Adiza ta turo galan na manja. Yawancinsu mutanen da Baba Jobo ya sha ɗauko wa saƙo ne daga ƙauye. Fuseni ya jera buhunan a gefe da gefe, mafi nauyi a kan tayoyin baya, ya bar tsakiya ga katifa, kanta wajen direba inda girgiza ta fi sauƙi. Ya kuma rage wa tayoyin iska kaɗan.

Washegari da hantsi suka tashi, Inna Bariyetu a baya riƙe da hannun mijinta. Fuseni ya yi tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Bai sha wahalar zaɓen hanya ba, domin tsohon, ido a rufe, jikinsa ya san duk inda suke. Kafin kowane rami sai ya ce da matarsa a gaya wa yaron nan ya bi hagu, ko ya bi dama, ita kuma ta ƙwanƙwasa gilashi ta nuna da hannu. Sau ɗaya kawai Fuseni ya yi gardama, ya kuwa faɗa ramin, aka aiko masa da saƙon cewa lasisinsa na tura kura ne.

Sun isa rana ta take. Aka kwantar da shi ƙarƙashin ɗorawar ƙofar gidansu, ƙauye ya taru, tsofaffi suna kiransa da sunan yarinta. Ya ci loma biyu ta sakwara da miyar riɗi, ya ce doyar birni duk ƙarya ce. Fuseni bai taɓa ganinsa cikin jin daɗi irin na wannan yammacin ba. Washegari, tsakanin azahar da la'asar, yana sauraron hirar ƙannensa kan wata gona, ya yi shiru. Inna Bariyetu ce ta fara lura, ta miƙa hannu ta rufe masa ido.

Buhunan da suka danne motar su aka dafa wa masu gaisuwa. Mutanen Agulu suka yi ta cewa Jobo ke nan, ko sadakarsa bai yarda wani direba ya ɗauko masa ba.

Bayan addu'ar uku Fuseni ya kamo hanya shi kaɗai, Inna ta zauna takaba a can. Motar ta koma halinta, kowane dutse sai ta yi tsalle kansa ya bugi rufi, kewar tsohon kuma ta cika shi har ya rasa abin da ke yi masa daɗi. Bai yi nisa ba ya hango wata mata a bakin hanya da buhunan gawayi. Tun daga nesa ta gane motar, ta ɗaga hannu tana murmushi. Ya tsaya. Ta zago wajen taga tana cewa, "Baba Jobo, ina ka shiga haka," sai ta ga wata fuskar.

Fuseni ya gaya mata. Ta yi salati a hankali, ta dafa ƙofar motar, ta ɗan jima a haka. Sannan ta tambaya ko har yanzu ana ɗaukar kaya.

Ya fito suka kama buhunan tare, ɗaya bayan ɗaya, bayan motar yana sauka kaɗan-kaɗan. Matar ta hau ta zauna a tsakiya, inda katifar take. Fuseni ya tayar da mota, ramin farko ya zo, ta shiga ta fita a hankali.