Kibod Ɗin Baba

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba, bakinsa ya daina magana. Abin da ya rage masa shi ne yatsa ɗaya a hannun hagu, sai tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ya yi aiki da ita kafin ya ajiye aiki. Da ita yake gaya mana yana son ruwa, ko a juya shi, ko na cika surutu. Mun gwada masa waya, yatsan ya yi ta zamewa a kan gilashi, muka haƙura.

Kibod ɗin kwamfutar kuwa ya ga rayuwa. Ya saki daga mazauninsa, ka danna nan ya lotsa, can ya taso, kamar murfin tsohuwar tukunya. Ni dai na saba da shi haka.

Sai ga Yaya ya zo duba Baba ranar da nake wurin aiki. Yayana mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce, ko hoton bangon gidan wani ne sai ya miƙe shi. Na dawo na tarar da shi a falo yana ta fara'a.

"Zo ki gani," in ji shi. "Ke kina zaune da abu yana rawa ba ki damu ba. Na kai an gyara."

Kibod ya zauna daram, ko motsi babu. Na ɗora wa Baba a kan matashin da ke cinyarsa, na jawo hannunsa kamar kullum. Ya aza yatsa a kan harafi, ya jingina tafin hannunsa a gefen kibod, ya jira. Shiru. Ya sake jinginawa har jijiyar wuyansa ta tashi, allo fari fat.

A nan na gane. Ashe yatsan Baba ba shi da ƙarfin danna komai. Nauyin hannunsa yake sakewa a gefen da ya saki, sai tsakiyar kibod ta taso ta tokari yatsan, harafi ya fito. Wata da watanni da wannan dabarar yake mana magana, ba wanda ya lura.

"Yaya, ka kashe mu!" na ce. "Wa ya aike ka? Ka tambaye shi?"

"To ni na sani? Alheri na yi niyya."

"Kai da alherinka!"

Na suri kwamfutar sai shagon mai gyaran da Yaya ya ce ya kai wa, wani ɗan lungu cike da matattun allunan kwamfuta da warin dalma. Na ce masa ya mayar da kibod ɗin yadda yake a da. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Malama, in ɓata aikina kike nufi? Tunda nake ba a taɓa kawo mini wannan ba."

Na yi masa bayani. Ya kife kwamfutar, ya kwance noti, ya nuna mini. Ƙananan ƙusoshin robar da ke riƙe kibod duk sun karye tun tuni, shi ya sa yake lilo. Shi kuma ya shimfiɗa siririn ƙarfe a ƙasa, ya bi kowane gurbi da gam mai ƙarfi.

"Ya riga ya kama," ya ce. "In na ɓamɓare, da wayar kibod ɗin zai taho. Sabo kuma ko na samo, ya fi wannan tauri. Wallahi da yayanki ya faɗa mini, da ban taɓa ba."

Na dawo gida raina a ɓace, na shirya wa Yaya maganganun da sai ya yi mako bai yi barci ba. Na same shi a bakin ƙofar ɗaki ya haɗa kai da gwiwa. Na wuce shi na shiga wurin Baba.

Baba na kallon silin. Na mayar masa da kwamfutar, na ɗora yatsana a kan nasa. Duk inda ya tsaya sai in danna masa. Da na yi gaggawar ƙarasa masa kalma, ya janye hannu ya runtse ido, don ba ita yake nufi ba. Na ba shi haƙuri, muka sake daga farko, a hankali, har rana ta bar tagar ɗakin. Abin da ya fito shi ne: kar ki yi masa fada.

Na kifa kaina a gefen gado na yi kuka mai isata. Yaya ya leƙo yana tambayar me Baba ya ce, na ce ya ce ka shigo.

Na nuna masa yadda zai ɗora yatsa, amma hannunsa nauyi gare shi, harafi uku yake dannawa a tare, Baba ya kawar da kai. Jibi Yaya zai koma garin da yake aiki. Ni kuma gobe da safe dole in fita, sai yamma. In Baba ya ji ƙishi, ban san wa zai danna masa ba.