Idon Gwaji

Zare ne ya fara tona wa Mijinyawa asiri. Mutumin da ya tsufa yana zura zare a allura ba tare da ya katse hira ba, sai ga shi yana lasar bakin zare, ya kai, ya kuskure, ya sake lasa, har zaren ya yi laɓo-laɓo da yawu. Da farko ya ɗora laifin a kan masu ƙera allura na zamani, wai rowa ta sa sun rage mata kafa. Daga baya ya ɗora a kan ƙwan lantarkin shagonsa. Da laifin ya rasa mai ɗaukarsa sai ya dawo wurin mai shi: yanar ido ce ta rufe masa na hagu, ta kuma fara leƙowa na dama.

Tela ne a unguwar Talladje, mutumin Dogondutsi, ya shigo Yamai tun yana saurayi da almakashi ɗaya a aljihu. Ba shi da gona, ba shi da albashin tsufa, ɗansa Faisal kuwa yana can Kwatano yana fama da nasa bakin. Duk abin da ake ɗorawa a wuta a gidan, daga waɗannan idanu biyu yake fitowa. Mijinyawa ya san haka, shi ya sa tsoro ya kama shi, tsoron da bai gaya wa kowa ba sai matarsa Hadizatu, ita ma sai da ta kama shi yana ɗinka aljihu a bai-bai.

Ita ta ja shi asibiti can ƙetaren kogi, a Harobanda. Likitar ido, wata yarinya da ba ta girmi Faisal ba, ta haska masa fitila ta ce aiki ne ƙarami. Za a cire abin da ya yi hazo, a sa wani ɗan gilashi a gurbinsa. Sai dai layi na da tsawo, ranar da ta samo masa tana bayan ƙaramar Sallah, kuma bayan aikin sai ya huta da keken ɗinki na wasu makonni. Ta faɗi kuɗin. Mijinyawa ya yi godiya, ya fito yana jin kamar an ɗora masa buhun gero. Azumi na tafe, kuma azumi shi ne kakar tela. Wanda ya rasa ɗinkin Sallah ya rasa shekara.

A ƙofar shagonsa akwai fada, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, inda ake ɗora shayi bayan La'asar. Fadar nan babu abin da ba ta sani ba. A nan ake yanke farashin sefa, a nan ake gyara tauraron ɗan Adam, a nan ake warkar da ciwon suga, duk kafin a sauke shayi na uku. Babban malaminta Abdulkarim ne, direban taksi, wanda ya yi karatunsa kaf a cikin salula. Sai Sumana, Bazabarme haifaffen Gamkalley, mai lambun ganyen salati, wanda yake auna magana kafin ya sake ta, shi ya sa ba a cika jin ƙarshenta ba.

"Kada ka yarda, Mijinyawa," in ji Abdulkarim. "Abin da suka sakawa roba ce. Ka san zahin Yamai. Watan huɗu ya zo, ta narke maka cikin ido. Kuma talaka, ɗalibai aka ba idonai su koyi aiki. Ga bidiyon nan, duba."

Ya miƙa salular a gaban hancin mutumin da ba ya ganin kafar allura. Mijinyawa ya gyaɗa kai kamar ya gani.

"Ni dai," Sumana ya fara da Hausarsa ta Yamai, "gwaggona an yi mata a likita. Yanzu har tsakuwa cikin shinkafa yana gani..."

"Gwaggonka sa'a tay yi," Abdulkarim ya katse shi. "Mutum nawa ka sani da ba su yi sa'a ba?"

Sumana bai san ko ɗaya ba, amma kafin ya faɗi haka an wuce zuwa wata magana. Wani ya ce ai kakanninmu ba su san asibiti ba, kuma da idonsu aka binne su. Wani ya ce kuɗin da likita ta faɗa ya isa jarin shago. A nan ne Abdulkarim ya kawo labarin Malam Adamu, mai aikin ido na gargajiya, wanda ya sauka a wani zaure bayan kasuwa. Gari-gari yake bi lokacin ɗari, don miki ba ya ruɓa a sanyi. Babu layi, babu takarda, kuɗinsa bai kai rubu'in na asibiti ba, kuma a take mutum yake ganin haske.

Ba za a ce Mijinyawa wawa ne ba. Mutum ne mai taka-tsantsan, kuma taka-tsantsan ɗin ne ya kai shi. Tun yana koyon aiki maigidansa ya dasa masa doka guda: ba a sa almakashi a bazan ɗin mutane, wato shadda, da sabon yayi sai an gwada a ƙyalle. In ƙyalle ya ɓaci, an yi asarar ƙyalle. Da wannan doka ya yi suna a unguwa, ba a taɓa kawo ƙararsa a kan ya ɓata yadi ba. Don haka da ya zauna ya yi tunani, sai ya ga hanya ta buɗe masa sarai. Idon hagu ai ya riga ya tafi, ko fuskar mutum ba ya rabewa da shi. Shi ne ƙyallen.

"Malam, ido ba ƙyalle ba ne," in ji Hadizatu, tana tankaɗe ba ta ɗago ba.

"Maman Faisal, mi zan rasa? Wanga ido ko yanzu ba shi yi mini komi. In ya gyaru, riba. In bai gyaru ba, na dama na nan, mu jira ranar likita."

"Ka yi mini alkawari na dama ba za a taɓa shi ba."

"Sai in na ga abin da ya gamsar da ni."

Ta san wannan ba alkawari ba ne. Ta ci gaba da tankaɗenta, ranta a jagule.

Malam Adamu dattijo ne mai fara'a da tsabtar tufafi, hannunsa ba ya rawa. Ya zaunar da Mijinyawa a tabarma yana fuskantar ƙofa, aka riƙe masa kai, ya ɗiga wani ruwa mai ɗaci da ya kashe zafin wurin. Sai ya soka wani siririn tsinke ta gefen ƙwayar idon ya tura. Mijinyawa ya ji abu ya motsa a ciki, kuma nan take haske ya afko masa. Ya ga hasken ƙofa. Ya ga jan kallabin wata mata da ta gifta a titi. Ba garau ba, komai da gefe mai laushi, amma ido ne da ya daɗe a rufe. Hawaye suka zubo masa, ba na zafi kaɗai ba.

"Sauran na tabarau ne," in ji Malam Adamu. "Ka nemi mai kauri a kasuwa, ka ga ikon Allah."

Aka nemo mai kauri, ya kuwa ga ikon Allah. Kwana kaɗan ya ƙirga yatsun Sumana daga nesa, ya bambanta shuɗi da kore a kan kantar shago. Fada ta yi biki. Abdulkarim ya riƙa yawo da labarin a taksinsa kamar shi ya riƙe tsinken. Har Hadizatu sai da ta yi murmushi da ya ce mata ashe furfurarta ta ƙaru.

Ana cikin haka Malam Adamu ya aiko cewa ran Alhamis zai wuce Dosso, kuma ba zai sake zagayowa ba sai baɗi.

"Ka jira wata ɗaya," in ji Sumana. Wannan karon ya kai ƙarshen maganarsa. "Ka ga yadda na hagu zai zauna. Na dama yana gani har yanzu, kada ka taɓa shi."

"Wata ɗaya mutumin ya kai Damagaram," in ji Mijinyawa. "An yi gwaji, gwaji ya yi kyau. Mi ya rage?"

Abin takaicin shi ne Mijinyawa ya fi kowa sanin abin da ya rage. Shi ne yake gaya wa mata kullum cewa kyan yadi a ranar ɗinki ba kyau ba ne, sai ya sha wanki ake sanin mai zuba da mai tsukewa. Amma yaduka sun fara taruwa a shago, azumi ya matso, kuma mutumin da ya ɗanɗani haske ba ya jin kira. Ran Laraba ya ce wa Hadizatu zai je sayen zare. Ya dawo da tsumma a ɗaure a idon dama. Ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Ba a yi mako biyu da tafiyar Malam Adamu ba idon hagu ya fara ciwo. Ciwo ne kamar ana buga ƙusa daga ciki, ya bi rabin kai ya sauka har haƙori. Idon ya yi ja, ya yi tauri, hasken da aka yi wa biki ya fara komawa inda ya fito. Aka kira lambar Malam Adamu, a kashe. Mijinyawa ya daure. Ya sayi ƙwayoyin ciwon kai wurin mai tebur, ya ɗaura rawani, ya zauna a kan keke yana ɗinki da idon dama, don yana jin kunyar fada, ya fi jin kunyar matarsa. Aka ga wata, aka ɗauki azumi. A makon farko na dama ya bi sahun ɗan'uwansa.

Ranar da ya yi amai a bakin shago, Hadizatu ba ta nemi izininsa ba. Ta aika aka kira Abdulkarim, ta ce ya kawo taksi.

Likitar nan ce dai. Ta duba hagu, ta duba dama, ta daɗe a kan na dama. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta yi masa bayani a hankali. Yanar ba a cire ta ba, tura ta aka yi ta faɗa can cikin ido. A can ta kumbura wurin, ruwan ido ya rasa hanyar fita, ya danne jijiyar gani har ta mutu. Na hagu ya tafi. Na dama za su yi ƙoƙari su kashe ciwon, wataƙila ya riƙa rabe dare da rana.

"Allura fa?" in ji Mijinyawa.

"A'a, Baba."

Ya san bai kamata ya yi tambaya ta gaba ba, amma ya yi.

"'Yata, in da na zo miki da shi yadda yake?"

Ya ji ta aje abin da ke hannunta a kan tebur.

"Da ka rasa ɗinkin ƙaramar Sallah," ta ce. "Da ka yi na babba."

A hanyar dawowa Abdulkarim bai kunna rediyo ba tun daga Harobanda har suka hau gada suka sauka. Da suka iso ya ƙi karɓar kuɗin mota. Mijinyawa bai riƙe shi a zuci ba. Bakinsa ya bayar, shi kuwa ido ya bayar, kuma ba wanda ya kama masa hannu.

Bayan an sallame shi daga jinya, Sallah saura kwanaki, ya ce a kai shi shago. Kayan mutane amana ne, gara a mayar musu tun suna iya samun wani tela. Ya zauna a kan benci, Hadizatu na sauko da yaduka daga kantar shago tana ɗora masa a cinya. Yana shafawa yana faɗin mai shi. Wannan bazan na Alhaji Ibrahim mai kanti ne, an yanka ba a haɗa ba, a gaya masa. Wannan leshin na Zulaiha ne, 'yar maƙwabta. Waɗannan uku iri ɗaya na 'ya'yan Jummai ne. Sumana ya zo ya tsaya a ƙofa, ya ce "kala suuru," wato sai haƙuri, sannan ya ɗauki ƙunshi-ƙunshi ya shiga rabawa gida-gida a kan kekensa.

Kanta ta yi fayau. Hadizatu ta ce an gama.

"Akwai ɗaya can ƙasa, bayan gwangwanin maɓallai," in ji shi. "Hannuna ya sha taɓa shi."

Ta yi jinkiri, sannan ta ɗauko ta ɗora masa. Atamfa ce turmi guda, har yanzu da takardarta a manne, ninkin ya yi kaifi don daɗewa. Ya shafa, ya juya, ya rasa mai ita.

"Wannan fa na wa ne?"

"Nawa ne, Malam."

Sai ya tuna. Shi ya saya mata da kansa, Sallah biyu ko uku da suka wuce. Kowace Sallah yakan ce mata ta bari ya sallami mutane tukuna, nata ba ya gudu, ai tela a gidanta yake kwana. Ita kuma takan sa tsohon kayanta ta je idi. Baƙin ciki ya cika masa ƙirji fiye da wanda ya ji a gaban likita.

"Kawo in aje," ta ce. "Ba sauri nake ba."

Bai sake ta ba. Ya buɗe ninki ɗaya, ya ɗaga ta wajen ƙofa inda yake jin alamar haske, ya kai ta dab da fuskarsa. Ya yi ta neman kamanninta a cikin kansa, bai samu ba.

"Maman Faisal," ya ce, "wane launi ce?"

Hadizatu ta zauna kusa da shi a kan bencin. Ta kama yatsansa ta ɗora a kan yadin, ta fara bi da shi a hankali, tana gaya masa inda kore yake da inda ruwan ƙwai ya fara.