Fulawar Inna Khadija

Ranar da Madam Ramla za ta tafi Yamai, abu ɗaya ta maimaita mini har sau uku. Fulawar da ke baranda.

"Baba Obadiya, sati shida zan yi a wurin istaj ɗin nan na ƙarin horo. Kome ya lalace ina iya sayen wani. Wagga kuwa ta Inna ce."

Ni ne gardin gidan. Shekara huɗu ke nan da na bar wa ƙanena gonata a Attantane na zo Mayahi. Madam Ramla ungozoma ce a gidan likita. Mahaifiyarta, Inna Khadija, ta rasu wata uku kafin wannan tafiya. Ta bar mijinta, Malam Danda, tsoho mai raunin ido wanda sai ya ji murya yake gane mutum. Ta kuma bar wannan fulawa mai faffaɗan ganye, kore da yayyafin fari, wadda ba wanda ya san sunanta a gidan. Ana ce mata "ta Inna" kawai. Tana zaune cikin wata tukunyar roba shuɗiya mai ƙyalli, kusa da tabarmar tsohon.

Sati na farko, ganyen can ƙasa ya fara komawa rawaya. Bazara ce, rana tana ƙona tafin ƙafa, sai na ce ƙishirwa ce. Na ƙara mata ruwa, safe da yamma. Ganye na biyu ya bi na farko.

Na yi shekara talatin ina karanta ganyen hatsi da na wake. A gona, idan ganye ya ɗashe daga ƙasa, ko dai ruwa ya yanke ko ƙasar ta gaji. Tun da ruwa bai yi magani ba, na ce yunwa ce. Na nemo busasshen kashin awaki na murmushe, na barbaɗa a gindinta, na bi da ruwa. Bayan kwana huɗu ganye biyar suka langaɓe, suka rataya a bakin tukunyar kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Daga nan na daina magani, na koma kallo. Na tsuguna na juya ganyen ɗaya bayan ɗaya. Babu ƙwaro a bayansu, babu farin abin nan mai kama da auduga, babu saƙar gizo-gizo. Ba ƙunar rana ba ce, domin rana ba ta kai wa wannan kusurwa sai dab da magariba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne laushin ganyen. Ganyen da ƙishirwa ta kashe yakan bushe daga baki, ya yi ƙamas, ka murza shi ya zama gari. Waɗannan kuwa na murza su suka jiƙa mini yatsa.

Na tura yatsana cikin ƙasar har ya nutse. Da na zaro shi na sansana, sai na ji warin tabkin da ya kusa ƙafewa. Wasu ƴan ƙananan ƙudaje baƙaƙe suka tashi.

Na daɗe a tsugune. A ƙasarmu mutum yana girma ya tsufa bai taɓa ganin shukar da ruwa ya kashe ba. Mu a majami'a muna roƙon ruwa, su a masallaci suna roƙon ruwa. Wa zai zargi ruwa?

Na daina ba ta ko ɗigo. Kwana uku na yi haka, a tsakiyar bazara, amma kullum na tura yatsa sai in ji ƙasar sharkaf. Wani yana zuba mata ruwa a bayan idona.

Zargina ya fara sauka kan Lailatu, maƙwabciyar da ke kawo wa tsohon abinci. Na ce ruwan wanke-wanke take watsawa a ciki don ƙyuyar fita waje. Har na shirya maganar da zan faɗa mata. Ina jin kunyar wannan har yau, domin ban ga kome ba, kawai ita ce ta fi sauƙin zargi.

Aikina a zaure yake, ban cika shiga cikin gida ba sai lokacin ban ruwa. Ran nan na ɗauki ƙafar kujera da ta karye na shiga da ita baranda, na zauna ina gyara, don in ga mai shiga da fita. Ladan ya kira azahar. Malam Danda ya tashi daga tabarma, ya lalubi butarsa, ya ja ƴar kujerarsa zuwa gaban fulawar. Ya miƙa hannuwansa bisa bakin tukunyar ya fara alwala. Hannu, baki, hanci, fuska, har gwiwar hannu, duk ruwan yana sauka cikin ƙasar. Da ya gama, ya shafa ganye ɗaya da jiƙaƙƙen tafinsa, a hankali, kamar mai shafa kan jariri.

Buta guda, sau biyar a rana.

Kwana biyu ina juya maganar. In na yi shiru, fulawar za ta mutu a hannuna. In na faɗa, zan gaya wa tsohon da ya rasa matarsa cewa da hannunsa yake kashe abin da ta bari, kuma da ruwan ibadarsa. Ni kuma ba Musulmi ba, da wane baki? Na yi tunanin in riƙa ɗauke tukunyar lokacin salla in ajiye masa wata cike da yashi, tun da ba ya gani sosai. Hannunsa zai nemi ganye ya rasa. Ko da ma ba zai gane ba, yaudarar makaho ce, kuma ban san sunan da zan ba ta a gaban Ubangiji ba.

Rana ta uku, bayan la'asar, na tsuguna gefen tabarmarsa.

"Baba Malam, barka da yamma."

"A'a, Fasto ne? Yau mi ya shigo da kai ciki, ko wa'azi za ka yi mini?"

Haka yake tsokanata, ko da yake ni ko mai shara a majami'a ban kai ba.

"Ta Inna ce ba ta da lafiya. Ganye bakwai sun tafi."

Ya juya fuskarsa wajen fulawar. "Na ji su a hannuna. Na ce ko kewar mai ita ce."

"Ruwa ne ya yi mata yawa, Baba. Saiwarta tana ruɓewa." Na sassauta murya. "Na ga kana alwala a kanta."

Na jira fushi. Sai ya yi ƴar dariya ta hanci.

"Kai ɗan Attantane, shekara goma sha ɗaya ina alwala bisa wagga shuka. Ita Khadija ta ce in riƙa yi, wai kada ruwa ya tahi banza. Shekara goma sha ɗaya ba ta mutu ba, sai yanzu da aka ba ka tsaronta?"

Wannan ya ɗaure mini kai. Gaskiyarsa ce. In ruwan alwala ne, me ya hana ta mutuwa tun tuni?

"To Baba, me ya canza? Buta ce ta ƙara girma?"

"Butata ce ta kullum." Ya ɗaga kai sama yana tunani, yana jan gemunsa. "Abu guda dai. Da can in na yi alwala, ruwan shina biyo ƙasa ya jiƙa mini ƙafa. Har faɗa muke da ita, in ce shukarki ta yi mini fitsari. Tun bayan rasuwarta ban sake jin shi ba. Na ɗauka ƙafata ce ta daina ji."

Na tashi na karkata shuɗiyar tukunyar, na leƙa gindinta. Sumul. Ko hudar allura babu.

Sai na tuna. Bayan sadakar arba'in Madam Ramla ta dawo daga Maradi da wannan tukunya a leda. Ni na ɗauko ta daga mota. Ta ce ba za ta bar fulawar Inna cikin tsohon bokiti ba, baƙi suna zuwa gaisuwa suna gani.

Na sami bokitin a bayan madafa, kaza ta mai da shi wurin ƙwai. Gindinsa duk tsatsa ta huhhuje shi. Na kawo wa tsohon, ya bi hujojin da yatsa, ya ce, "Shi ne."

Tare muka yi aikin. Ya riƙe karan, ni na zazzage ƙasar. Rabin saiwar ta yi baƙi, tana saɓulewa kamar dafaffiyar kuɓewa. Na yanke duk wadda ta ruɓe da wuƙa mai tsabta, na bar farare masu tauri, ba su fi shida ba. Na zuba tsakuwa a gindin bokitin, na haɗa yashi da sabuwar ƙasa, ban sa taki ba. Na roƙe shi ya ba ta hutun kwana goma, ya yi alwalarsa a gindin darbejiya. Ya ce kwana goma da yawa, amma ya yarda.

Ran Lahadi da na dawo daga majami'a Madam Ramla ta kira a waya.

"Baba Obadiya, ya ta Inna?"

Tsohon yana gefena yana ji. Ya miƙo hannu. "Ba ni ita, in ce mata ni ne mai laifin."

Ban ba shi ba. "Madam, ta yi ciwo, saura ganye uku. Mu uku muka taru a kanta. Ke kin saya mata tukunya marar huda, Baba ya ba ta ruwa, ni na ƙara mata da ruwa da taki. Yanzu tana cikin bokitinta."

Sai ta tambaya a hankali.

"Za ta rayu?"

"Ban sani ba tukuna. Karan dai da ƙarfinsa."

A rana ta goma sha ɗaya, da azahar, na tura yatsa na ji ƙasar ta bushe har gaɓa biyu. A tsakiyar ganyen ukun akwai wani ɗan kore siriri, a nannaɗe kamar tabarma. Na kama hannun Malam Danda na ɗora a kai. Ya daɗe yana taɓa shi.

Sannan ya ja kujerarsa, ya karkata buta. Can sai ruwan ya ɓullo ta gindin bokitin, ya bi siminti, ya tarar da babban yatsan ƙafarsa.

"Ka gani ko, Fasto," ya ce, bai janye ƙafar ba. "Rashin kunyarta ya dawo."