Abin Kan Filo

A otal ɗin akwai wata doka da ba manaja ne ya kafa ta ba, masu gyaran ɗakuna ne suka kafa abarsu. Kuɗin da baƙo ya bari a kan tebur ko cikin durowa mantuwa ce, a kai ofis. Wanda ya bari a kan filo kuwa ihsani ne, kuma na wadda ta yaye zanin gadon ne ranar da ya tashi, ko da ba ita ta sha wahalar ɗakin ba. Su kuma baƙi, Allah ya shirye su, ba sa tuna mai gyara sai sun gama ɗaure kaya, kamar sauran kwanakin aljanu ne ke wanke musu bayi.

Bahaguwa ce ke da ɗakin ƙarshe a hawa na uku. An yi makonni wani dattijo marar lafiya yana ciki, tare da 'yarsa mai kai shi asibiti kullum. Tsohon ba ya iya riƙe fitsari, wani lokacin har da abin da ya fi fitsari. Bahaguwa ta kwashe amai, ta juya katifa, ta rarrafa ƙarƙashin gado tana gogewa har bilic, ruwan wankin nan mai cin fata, ya tsattsaga mata yatsu. Ko sau ɗaya ba ta toshe hanci a gabansa ba. 'Yar takan ce, "Sannu, baiwar Allah. Ba zan manta da ke ba in za mu tafi." Bahaguwa ta ɗauki maganar nan ta adana a zuci, ta riƙa kwana tana tashi da ita.

Ranar da za su tashi, Mai Makulli, matar da ke raba musu aiki, ta ce wanki ya taru a ƙasa, Bahaguwa ta sauka ta kama musu. Hawa na uku ta ba Auta.

Auta ƙanwar Bahaguwa ce, ciki ɗaya. Bahaguwa ce ta goya ta, ita ta roƙa mata aikin nan bayan mijin Autar ya rasu ya bar ta da ƙaramar yarinya. Don haka da farko ba ta damu ba, ta ce ai filo a hannun gida ya faɗa. Amma matan ɗakin wanki ba su bar ta ta huta ba.

"Yau dai Auta za ta yi sabon takalmi da guminki," in ji mai guga.

"Ke kin kwashe kashi, wata ta kwashe kuɗi," in ji wata, suka sheƙe da dariya.

Bahaguwa ta yi dariyar ita ma, amma ta yaƙe ce. Ga zafin injin, ga tururi, ga yatsu suna zogi. Kowa ya san Bahaguwa da zuciya, hannunta yakan riga bakinta isa wurin magana. Kafin azahar ta cika ta yi fam.

Ta hau sama ta sami Auta a sito, ɗan tsukukun ɗakin da ake jibge tawul da zannuwa a kan kantocin ƙarfe. Tana leƙawa ta ga Auta ta cusa wani abu a ƙirjin rigar aikinta da sauri.

"Ba ni," in ji Bahaguwa.

"Me zan ba ki, Yaya?"

"Abin kan filo."

"Babu komai a kai. Na ɗaga filon, na kakkaɓe zanin, har ƙarƙashin katifa na duba."

"Auta, ni za ki yi wa haka?"

"Wallahi babu, Yaya."

Bahaguwa ta tura ƙofa da dunduniya, ta murza makulli. Marin farko da hagu ya zo, ta gefen da mutum ba ya tsammani. Kan Auta ya bugu da ƙarfen wata kanta, tawul suka zubo musu a ka. Kafin ta miƙe an ci kwalarta an sake ƙwala ta da ƙarfen.

"Me kika ɓoye a ƙirjinki?"

"Sake ni!"

Bahaguwa ta fizgi rigar, maɓallai suka watse. Abin da ya zubo 'yan ƙananan sabulai ne, ragowar da baƙi ke bari, waɗanda Auta ke tsinta don wankan 'yarta. Wata mai hankali da a nan ta tsaya. Amma idon Bahaguwa ya riga ya rufe, abin da ta gani shi ne wadda ta iya ɓoye sabulu za ta iya ɓoye kuɗi. Ta tuge mata ɗankwali, ta cusa yatsu cikin kitsonta tana lalube tana ja, har gashi ya biyo hannunta.

Auta ta gantsara mata cizo a dantse, ta riƙe gam sai da jini ya fito. Bahaguwa ta ƙwalla ƙara, ta rarumi sandar goge ƙasa ta sauke mata a gadon baya. Ta ƙara, ta ƙara, sandar ta karye biyu. Auta ta yi baya ta ture galan ɗin bilic, ya kife, warinsa ya cika ɗakin har idanu suna hawaye. Santsi ya kwashe su duka suka zube ƙasa, Bahaguwa a sama. Ta danne mata ƙirji da gwiwa.

"Ni na goya ki! Ni na kawo ki nan! Kashin tsohon nan ke kika kwashe?"

Kowace magana da naushinta. Auta ta daina ramawa, tana kare fuska kawai tana haki. Wani naushi ya wuce tsakanin hannayenta ya sami baki, aka ji ƙas. Ta tofar da jini da guntun haƙori a kan farin tawul.

A waje Mai Makulli tana dukan ƙofa tana salati. Sai da ta lalubo nata makullin ta buɗe, mai gadi ya shigo ya ciccibi Bahaguwa ta baya tana harbin iska. Ya fito da ita baranda ba ɗankwali, dantse yana ɗiga.

A nan ta ga 'yar dattijon tsaye da jaka a kafaɗa da farar ambulan a hannu.

"Na je ɗakin wanki aka ce kin hau sama," in ji matar. "Ban so in bar shi a ɗaki kamar na yar ba. Na ce sai na sa miki a hannu na yi miki godiya. Baba yana mota, ya ce in gaishe..."

Idonta ya faɗa cikin siton, maganar ta maƙale. Ta ajiye ambulan ɗin a kan keken da ake turo tawul da shi a hankali, ta juya ta nufi matakala tana dafa bango.

Ba wanda ya taɓa ambulan ɗin. Mai gadi ya sassauta riƙo don ya ji jikin da yake riƙe ya saki. Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe Bahaguwa, ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige. Ta koma cikin siton. Auta tana rakuɓe a lungu cikin ruwan bilic, ido ɗaya ya kumbura ya rufe, jini yana bin haɓarta.

Bahaguwa ta zaro tawul mai tsabta daga kan kantar ƙarfen, ta durƙusa, ta miƙa hannu za ta goge mata baki.

Auta ta zabura ta dunƙule, ta rufe kanta da hannu biyu.

"Don Allah ki bari haka, Yaya," ta ce. "Wallahi babu."