Ƙafar Hagu

Baba Lallaɓa ya sake taka kuloci, gwiwarsa ta hagu ta soke shi har sai da ya ga duhu-duhu. Ya cije leɓe, ya jefa giya ta tara, ya saki ƙafar a hankali. Injiniyan kamfanin da ke sayar da motocin yana gefensa yana ta zuba: wai wannan inji ƙarfin doki ɗari biyar da sittin ne, giya goma sha shida, ba tudun da zai ba shi tsoro. Sai ka ce shi ya taɓa hawa tudu da tan talatin a bayansa.

Gwaji ake yi. Maigidan Lallaɓa zai sayi sababbin kawunan tirela guda shida, kuma tun da dizal ya yi tashin da ya yi, ya ce ba zai sa hannu ba sai Baba ya tuƙa iri biyu ya zaɓa. Wa za a tambaya in ba shi ba? Shekara talatin da ɗaya yana jan tirela a gidan nan, tun zamanin mahaifin maigidan. Sunan ma direbobi suka laƙaba masa don tsiya, saboda yadda yake lallaɓa totur. Su tafi gari ɗaya da kaya iri ɗaya, su dawo tanki a bushe, shi ya dawo da saura. Ba wani asiri a ciki, kunne ne da hannu da ƙafar hagu: ya san daidai lokacin da inji ke neman giya tun kafin ya yi gurnani.

To, ƙafar ce ta ci amanarsa. Wata takwas ke nan da likita ya ce guringuntsin gwiwar ya cinye, ya daina wahalar da ita. Daga shi sai matarsa suka sani. A gidan da yake aiki, direban da ƙafarsa ta gaza godiya ake yi masa a raka shi bakin ƙofa, shi kuwa bai iya komai ba a duniya in ba tuƙi ba.

Suka dawo filin kamfanin bayan kilomita arba'in, aka sake cika tanki don a ga abin da ta sha. Lita goma sha biyar. Injiniyan ya jinjina kai, ya ce sauran direbobi sha takwas suke ƙonawa a wannan hanyar. Lallaɓa bai ji daɗin yabon ba, hankalinsa yana kan matakala ukun da zai sauka. Ya jira aka juya baya, sannan ya sauko da ƙafar dama, ya jawo ta hagu.

Ta biyun farar mota ce mai hula a ka don yanka iska. Injinta bai kai na farko ba, doki ɗari huɗu da hamsin, an daidaita haƙoran giyar ƙafafun baya don doguwar hanya, yadda inji zai riƙa juyi a hankali mota na gudu. Da ya zauna ya leƙa ƙasa, sai ya ga abin takawa biyu ne kacal, birki da totur. Ita take sa wa kanta giya. Irin motar da ya sha yi wa dariya a tasha ke nan, yana cewa ta ragwaye ce.

Aka ɗaura mata tirelar, suka kama hanya. Ƙafarsa ta hagu ta riƙa ɗagawa da kanta tana neman abin da babu, ya mayar da ita, ta sake ɗagawa. A gindin tudu ya kasa kunne, ya ce a ransa, yanzu. Kafin ya gama faɗa motar ta sauke giya. Haushi ya kama shi, sannan kunya, don kuwa ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. A gangara ta saki kanta ta yi ta sulalawa, allurar inji kwance. Shi kuma ya miƙe ƙafar nan, ya ji wani sanyi da rabonsa da shi tun bara. Wallahi saura kaɗan ya yi hawaye. Da wannan ai sai ya ƙara shekara biyar a hanya ba wanda ya sani.

Lita goma sha uku ta sha.

Maigidan yana jiransu a ofishin sama, inda taga ke kallon filin motoci. Matashi ne, Lallaɓa ya sha ɗora shi a cinya ya kama masa sitiyari yana yaro. Maigidan ya ji sakamako, amma bai gamsu ba. Ya ce lita biyu ba ta kai a bar abin da aka sani ba. Irin manyan nan masu kuloci mahaifinsa ya yi ta saye, bakanikensu ya san cikinsu, direbobi sun saba da su, ga ƙarfi in kaya ya yi yawa. Shi dai ransa ya fi kwanciya da babbar.

Lallaɓa ya yi lissafi a ransa. Giya goma sha shida, kwana uku a hanya, da wannan gwiwar? Mutumin da ba ya doguwar magana sai ga shi ya buɗe baki. Ya ce babban inji ciyar da shi ake yi ko ana bukatar ƙarfinsa ko ba a bukata, hanyarsu kuma yawancinta shimfiɗe take. Ya ce sha biyar ɗin nan a hannunsa ne aka same ta, a hannun wani sha takwas ce, bambancin lita biyar ne ba biyu ba. Ya ga maigidan ya fara gyara zama, sai ya ƙara wuta.

"Ranka ya daɗe, wannan ba ta bukatar gwani. Ko wanda ya karɓi lasisi jiya ka ba shi, abin da na ƙona shi zai ƙona."

Maigidan ya ajiye biro, ya daɗe yana kallon farar motar ta taga.

"Ko wanda ya karɓi lasisi jiya, Baba?"

A nan Lallaɓa ya ji abin da bakinsa ya faɗa, amma ina, ta riga ta fita. Kuma gaskiya ce, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Ya sunkuyar da kai ya ce haka ne.

Maigidan ya ce a rubuta farare shida. Da injiniyan ya fita ɗauko takardu, ya matso da kujerarsa, ya yi ƙasa da murya cikin ladabi. Ya ce Baba ya sauke masa nauyin da ya daɗe yana damunsa. Da ma abin da ya hana shi sallamar dattawan direbobin gidan su je su huta, rashin masu hannun da za su riƙe manyan motoci ne. Yanzu kuwa matasa na nan birjik suna neman aiki.

"Kai ma ka huta haka nan, Baba. Na daɗe ina ganin yadda kake saukowa daga mota, nauyinka nake ji. Ka ƙarasa mana watan nan."

Da la'asar ya isa gida. Matarsa ta fito da ruwan zafi a roba da tsumma, kamar kullum, ta naɗe masa ƙafar wando ta fara gasa gwiwar. Ta ga ta kumbura, ta yi tsaki, ta tambaye shi wacce mota aka ɗauka. Ya ce marar kuloci, kuma shi ya zaɓe ta da bakinsa.

Fuskarta ta washe. Ta matse tsumman ta ce, "Alhamdu lillahi, Malam. Ka ga yanzu ƙafar nan za ta huta."

Ya dubi tururin da ke tashi daga robar.

"Za ta huta," in ji shi.